Sarki, Majalisa da Baitulmali: Daga Ingila Zuwa Ƙasar Kazaure

Maƙasudin wannan takarda shi ne a gwada yadda iko ya fita daga hannun sarakunan Ingila da yadda ya fita daga hannun namu, tare da ɗaukar gundumar Roni ta ƙasar Kazaure a matsayin misali.

Wanda duk ya bi tarihin Ingila zai tarar tushen rigimar ɗaya ne, wato wa ke da ikon aza haraji. A 1215 manyan ƙasa suka tilasta wa Sarki Jon ya amince da takardar Magna Kata, wadda ta ɗaure masa hannu wajen karɓar dukiyarsu. Sarki Cals na Ɗaya ya yi shekara 11 yana mulki ba tare da ya kira majalisa ba, yana tara kuɗi yadda ya ga dama. Abin ya kai ga yaƙin basasa, har aka fille masa kai a 1649. Sai a 1689, bayan an kori Jemis na Biyu, aka tabbatar a doka cewa ba haraji sai da yardar majalisa. Amma fa majalisar ta masu ƙasa ce da attajirai. Talaka ya daɗe bai samu ƙuri'a ba, mata kuwa ba su yi daidai da maza ba sai 1928.

Abin mamaki shi ne, jikokin waɗannan mutane da suka zo ƙasar Hausa sai suka yi akasin haka. Sun mai da sarki shi kaɗai ne En'e, ba ya jin tsoron kowa sai Razdan. A da, masu zaɓen sarki da malamai suna iya taka masa burki. To, a ƙarƙashin Turawa, mutumin Roni yakan biya haraji da jangali ta hannun dagaci, dagaci ya miƙa wa hakimi, hakimi ya kai baitulmalin Kazaure. Alƙali da 'yan doka da gidan yari duk na En'e ne. Mai biyan kuwa ba a tambayarsa kome.

A 1950 aka fara girgiza wannan tsari. A shekarar ne Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo ƙudurin gyaran En'e a majalisar Kaduna, a cikinta kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Dokar En'e ta 1954 ta tanadi cewa sarki ya yi mulki tare da majalisarsa, ko da yake yawancin 'yan majalisar naɗaɗɗu ne. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da baitulmali, ya bar musu ba da shawara.

A nan ne, a ganinmu, bambancin yake. A Ingila masu biyan haraji ne suka ƙwace jakar kuɗi, saboda haka ta zauna a hannun wakilansu. A nan kuwa daga sama aka karɓe ta, kuma a sama ta maƙale. Roni ta zama ƙaramar hukuma mai shugaba da kansiloli a Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙira a 1991, amma kason ƙananan hukumomi ya ci gaba da bi ta asusun haɗin gwiwa da gwamnatocin jihohi ke riƙe da shi. Sai a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan su kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu kaɗai ne za su shugabance su.