Mutum-mutumi a ɗakin tiyata da batun cire mafitsarar tsofaffi

Tun da aka fara jin labarin mutum-mutumi mai yin tiyata, mutane da yawa suka ɗauka cewa dattijon da sankara ta kama wa mafitsara ya huta, wai na'ura za ta cire ta cikin sauƙi. Na'urar, wadda ake kira da Vinci, ba ta yanka kowa da kanta. Likita ne ke zaune a gefe, goshinsa manne da madubin kallo, yatsunsa na juya siraran hannuwan ƙarfe da aka zura ta ƙananan huji a fatar ciki. Aikin kuwa yana nan da nauyinsa: a cire mafitsara, a yanko guntun hanji, a yi wa fitsari sabuwar hanya. Kamar rushe ɗaki ne a tsakar gida, ko ta ƙofa aka shiga ko ta taga, ɗakin dai ya tafi.

Amfanin na'urar na gaske ne. Gwajin iROC na Birtaniya, da aka wallafa a 2022 kan majiyyata 338, ya nuna cewa idan aka kwatanta aikin na'ura da tiyatar buɗe ciki, daskarewar jini a jijiya ta sauko daga kashi 8 cikin ɗari zuwa 2, matsalar rauni daga 16 zuwa kusan 6. Sai dai ribar zama a gida cikin kwana 90 na farko ba ta wuce kwana biyu ba. Gwajin RAZOR na Amurka a 2018 kuma ya tarar sankarar ba ta ci gaba ba bayan shekara biyu a wajen kashi 72 na kowane ɓangare, na na'ura da na buɗe ciki.

Wani zai ce ai mai rauni ne ya fi buƙatar ƙaramin yanka da ƙarancin zubar jini. Haka ne. Amma aikin na'ura ya fi daɗewa, ana hura ciki da iskar gas, a karkatar da majiyyaci kansa ƙasa na sa'o'i. Zuciya da huhun da suka gaji suna jin wannan a jika. Shi ya sa auna ƙarfin dattijo kafin aiki, da cinsa, da tafiyarsa, da gogewar likitan, suka fi sunan na'ura muhimmanci.

A ƙasashenmu, inda tsargiya ke cikin masu haddasa wannan sankara, abin takaici shi ne yadda ake raina fitsarin jini har ciwo ya yi nisa. Jami'in da ke ɗokin yanke ƙyallen buɗe sabuwar na'ura ya fara duba ko maganin tsargiya yana isa makarantun karkara.