Yaran kantin da suka riƙe amanar maigida a zamanin Hitila

Duk ɗan kasuwa ya san ranar tsanani ake gane yaron kanti na ƙwarai. Labarin Ana Faranki, yarinya Bayahudiya da littafinta ya zagaye duniya, shaida ne a kan haka.

Mahaifinta, Oto Faranki, ya bar Jamus a 1933 da Hitila ya hau mulki, ya kafa kasuwanci a birnin Amstadam na ƙasar Holan, daga baya har da sayar da kayan yaji. A watan Mayu 1940 sojojin Jamus suka mamaye Holan. Aka hana Yahudawa mallakar kamfani, dole Oto ya maida dukiyarsa da sunan abokan aikinsa.

Ran 6 ga Yuli 1942, bayan an aiko wa ƴarsa Margot takardar kira zuwa aikin tilas, iyalin suka ɓuya a wasu ɗakuna da ke bayan ofishin, saman mangaza. Aka tare ƙofar da kabad ɗin littattafai. Mutum 8 suka ɓuya a ciki, iyalin Oto kuwa suka yi shekara biyu da wata ɗaya. Da rana ba tari, ba tafiya da ƙarfi, don kada leburori su ji. Ma'aikatan ofis huɗu ke kai musu abinci da katin rabo da aka samo ta bayan fage, alhali sun san in an kama su, sansani ne makomarsu.

Ana, mai shekara 13, tana rubuta abin da ke faruwa. A watan Maris 1944 ta ji wani ministan Holan a rediyo daga Landan yana roƙon jama'a su adana irin waɗannan rubuce-rubuce, sai ta shiga gyara nata don a buga.

Ran 4 ga Agusta 1944 aka kama su, tare da biyu daga cikin ma'aikatan. Ana ta rasu a sansanin Bargen-Belsen a farkon 1945. Cikin takwas ɗin nan Oto kaɗai ya dawo.

Sakatariyarsa, Mip Gis, ita ta tsince takardun daga ƙasa, ta adana su ba ta karanta ba, ta miƙa masa. An buga littafin a 1947, yau yana cikin harsuna fiye da 70. Ba don amanar wannan mata ba, da muryar yarinyar ta tafi tare da ita.