Kafin Ki Aika A Sayo Miki Waya

   

Yau maganarmu a kan babbar waya ce, wadda ake shafawa, mai tsarin Android. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, yawancinmu 'yar ƙaramar nan mai tocila muka saba da ita, a kira ki, ki kira. To amma zamani ya juya. Makarantar yara ta WhatsApp take aiko da sanarwa, dangi a can suke sanar da biki da suna da rasuwa, karatun malamai ma ta nan yake yawo. Mai sana'a a cikin gida kuwa ba za ta manta da farkon 2023 ba, lokacin da takardun kuɗi suka yi wuya, mai saye ya ce sai dai ya yi transfa, ita kuma ba ta da hanyar ganin ko kuɗin sun shigo.

Matsalar da muke da ita, mu da muke cikin gida, ita ce ba mu ne muke zuwa kasuwa ba. Maigida za ki ba kuɗin, ko ƙaninki, ko ɗanki, ya tafi Farm Centre in a Kano kuke, ko kasuwar wayar garinku. Ɗan aike kuwa in ba a gaya masa takamaiman abin da ake so ba, ɗayan biyu ne: ko ya sayo wadda ta burge shi, ko ya sayo wadda mai shago yake neman rabuwa da ita. Kuɗin nan kuma naki ne, wataƙila adashin wata goma ne, wataƙila tunkiya kika sayar. Don haka abin da nake so ki fita da shi daga wannan hira shi ne ki iya rubuta wa ɗan aikenki, a 'yar takarda, irin wayar da kike so.

Bari mu fara da shi Android ɗin. Android ba sunan waya ba ne, tsari ne da ke tafiyar da wayar, na kamfanin Google da ke Amurka. Kamfanoni da yawa suna ɗora shi a wayoyinsu. Tecno da Infinix da itel duk 'ya'yan gida ɗaya ne, kamfanin Transsion na ƙasar Sin. Redmi ta kamfanin Xiaomi ce, shi ma na Sin, Samsung kuma ta Koriya ta Kudu. Kamar shinkafa ce guda, kowace uwargida da irin girkinta. Kowane kamfani yana da mai araha da mai tsada, yana da mai ƙarfi da mai rauni. Saboda haka in kika ce "a sayo mini Tecno" kika yi shiru, kamar kin ce a sayo miki atamfa ne ba ki faɗi wace iri ba.

Tambayar farko da za ki yi wa kanki ita ce: wane aiki wayar nan za ta yi mini? Ki zauna ki lissafa da gaskiya. Wata buƙatarta ita ce ta gaisa da 'yarta da ke aure a wani gari, ta ga jikokinta, ta saurari tafsiri. Wata tana turaren wuta ko ɗinki ko cincin, tana son ɗaukar hoton kaya ta tura wa masu saye, ta karɓi kuɗi ta banki. Wata kuma da yaranta za su riƙa amfani da ita wajen aikin makaranta. Ta farkon ba ta buƙatar irin wayar ta biyun, kuma babu dalilin da zai sa ta ci bashi don ta yi daidai da kishiya ko maƙwabciya. Daidai ruwa daidai tsaki.

In kin san aikin, sai mu zo kan lambobin da ake rubutawa a jikin kwali. Kada su ba ki tsoro, ba su da yawa.

Ta farko ita ce RAM. Ki ɗauke ta kamar yawan murhun da ke madafarki. Mai murhu ɗaya sai ta sauke tuwo kafin ta ɗora miya, mai murhu uku kuwa duk a tare take yi. Waya mai RAM 2GB murhu ɗaya ce, za ta yi kira da WhatsApp, amma da kin buɗe abu biyu ko uku sai ta fara nauyi tana tsayawa. Irin waɗannan galibi da Android Go suke zuwa, wato sassauƙan tsarin da aka yi wa ƙananan wayoyi. In kuɗinki ya kai, ki nemi mai 3GB ko 4GB. Mai sana'a kam kada ta sauka ƙasa da 4GB. A nan akwai wani abin lura. Za ki ga an rubuta 8GB da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma da ƙanana an sa 4+4. To huɗun farko ne na ainihi, huɗun biyu aro aka yi daga ma'ajin wayar, kuma ba su kai na ainihin sauri ba. Ki ce wa ɗan aikenki ya tambayi RAM na ainihi.

Ta biyu ita ce ma'aji, wani lokaci a rubuta ROM. Wannan shi ne rumbun wayar, inda hotuna da bidiyo da karatu suke zama. Za ki ga 32GB, 64GB, 128GB. Ki sani ba duka ne naki ba, shi kansa tsarin wayar ya riga ya cinye wani kaso tun daga kamfani. Mai 32GB nan da nan take cika, musamman ga wadda take cikin zaurukan WhatsApp da yawa. Ki nemi 64GB aƙalla, mai ɗaukar hoton kaya kuma 128GB. Ki kuma tambaya ko tana da wurin sa memori, don in ta cika ki ƙara mata.

Ta uku batir. Mu da wutar Nepa take zuwa mana yadda ta ga dama, wannan ya fi kyan launi muhimmanci. Ki duba a ga an rubuta 5000mAh ko sama da haka, yawancin sababbin wayoyi ma haka suke zuwa. Waya mai ƙaramin batir kullum tana hannun yaro a hanyar shagon mai caji, ga kashe kuɗi, ga kuma sirrinki a hannun wanda ba ki sani ba. Ki zaɓi mai bakin caji irin wanda ake kira Type-C, wanda ko ta wane gefe kika soka yana shiga. Shi ne ake yayi yanzu, cajarsa ba ta wuyar samu.

Ta huɗu, ki tabbata wayar tana da 4G. Za ki ji ana maganar 5G, wanda MTN ta fara a Nijeriya a 2022, amma bai game ko'ina ba, kuma don WhatsApp da banki da sauraron karatu 4G ta wadatar. Ba sai kin ƙara kuɗi saboda shi ba.

Ta biyar ita ce lambar shi Android ɗin, domin kusan kowace shekara ana fitar da sabo. Na 13 ya fito a 2022, na 14 a 2023, na 15 a 2024. Amfanin sanin wannan shi ne manhajoji suna daina aiki a tsofaffin wayoyi. A watan Oktoba na 2023 WhatsApp ta daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai 5 ba, manhajojin banki ma sukan yi haka. In sabuwa za ki saya, kada ta gaza 13, don ta daɗe tana yi miki aiki.

Maganar kyamara kuwa, kada yawan idanun da ke bayan waya ya ruɗe ki. A wayoyi masu araha sau da yawa ido ɗaya ne yake ainihin aikin. Haka babbar lamba irin su 50MP ba ita kaɗai ke sa hoto ya yi kyau ba. Ki ce a ɗauki hoton wani yadi mai launi a cikin shagon a duba, in launin ya fito yadda yake, ta yi. Mai sayar da atamfa ta san rigimar da ke tashi in kaya suka isa aka ce ba kalar da aka gani a hoto ba ce.

Sai wani abu da ya shafe mu masu sauraron rediyo. Ba kowace babbar waya ce take da FM ba, wasu masu tsadar ma ba su da shi, ba su da kuma ramin sa abin kunne. Rediyon FM na cikin waya ba ya cin data ko kaɗan. In kina son ki riƙa jin shirye-shirye kina aikinki, ki sa wannan a takardarki.

To, sabuwa ko ta hannu? Sabuwa tana zuwa a kwalinta a rufe, da caja, da garanti wanda galibi na shekara ɗaya ne. Ki ce lallai a karɓo rasit mai sunan shago da kwanan wata, ki adana shi tare da kwalin, don in ta sami matsala da su za a je wurin gyaran kamfani. Masu Tecno da Infinix da itel wurin gyaransu shi ne Carlcare. Ta hannu ta fi sauƙin kuɗi, kuma akan dace, amma araha ba ta ado. Batirinta ya riga ya ci shekaru, wataƙila an taɓa canja mata gilashi. Mafi muni, tana iya zama ta sata, wata rana a biyo sawu har ƙofar gidanku a tafi da maigida. Kada ki sayi wayar da aka shigo miki da ita gida ana cewa mai ita kuɗi take nema da gaggawa, ba kwali ba rasit.

Ga yadda ake gwadawa. Kowace waya tana da lambarta ta shaida mai alƙaluma 15, ana ce mata IMEI. A danna *#06# kamar za a yi kira, lambar za ta fito, sai a gwada ta da wadda ke jikin kwali. In suka saɓa, a ajiye wayar. In ta hannu ce, mai ita ya cire asusunsa na Google a gaban ɗan aikenki, in ba haka ba ranar da aka wanke ta za ta kulle, ta ce sai an sa bayanan mai ita na farko.

Yanzu maganar kuɗi. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin waya yake ta motsi, don haka ki sa a tambayo a shago uku kafin ki fitar da kuɗi. Kuma kada ki zuba duk abin da kika tara a kan wayar kaɗai. A ce kina da N120,000, ki ware kamar N10,000 ko N15,000 don gilashin kariya da rigar waya da datar watan farko. A gidan da ke da yara, ga ruwan wanke-wanke ga siminti, waya ba riga ba ta kwana da yawa, kuma canjin gilashi yakan ci kaso mai tsoka na kuɗin sabuwa. Ki kuma lissafa data, don ita kullum ce. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Ki sa a kashe miki saukar da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, sai wanda kika zaɓa ki buɗe.

Akwai kuma masu ba da waya a riƙa biya kaɗan-kaɗan. Kafin ki shiga, ki sa a haɗa miki jimillar abin da za ki biya har ƙarshe ki gwada da farashin lakadan. Ki sani yawancinsu in aka yi jinkirin biya kulle wayar suke yi daga can inda suke. In akwai ƙarin da zuciyarki ba ta kwanta da shi ba, maigida ya tambayo malamai. Sau da yawa ƙara wata biyu a adashi ya fi kwanciyar hankali.

In wayar ta iso, saura abu biyu. Layin da za ki sa, musamman wanda ke haɗe da asusunki na banki, ya kasance an yi masa rajista da sunanki da lambarki ta NIN, kamar yadda gwamnati ta wajabta tun ƙarshen 2020. In da sunan wani aka yi, ranar da ya ɓata sai da shi za a iya dawo da shi. Sannan ki sa lambar sirri wadda kika haddace, kada ki dogara da ɗora yatsa kawai, don jiƙaƙƙen hannu ko mai maiƙo yakan sa waya ta ƙi ganewa. Duk wanda ya kira ki ya ce daga banki yake, ki karanto masa lambar da aka turo miki, ɓarawo ne, ki kashe. In kuma za a kai ta gyara, ki cire layi da memori, hotunan da ba ki son idon wani ya gani ki kwashe su tukuna.

Duk wannan ki yi shi da shawarar maigida da saninsa, don waya ta zama abin alheri a gida, kada ta zama abin faɗa. Ga abin da takardarki za ta ƙunsa: RAM na ainihi nawa, ma'aji nawa, batir 5000mAh, 4G, Android 13 ko sama, FM in kina so, rasit da kwali, sai kuma iyakar kuɗin da ba za a wuce ba. Wadda ba ta rubutun boko ta sa ɗanta ya rubuta mata. In ɗan aike ya je bai sami irinta a wannan kuɗi ba, ya kira ki daga shagon ku yi shawara kafin ya biya.

A nan za mu dakata. Allah Ya sa albarka a cikin abin da muke nema, Ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu. Sai wani makon in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.