Waƙoƙin Fim: Yadda Ake Juya Su Zuwa MP3 Ba Tare Da An Kashe Daɗinsu Ba

Duk mai son waƙoƙin fim ya san wannan takaicin. Aboki ya turo maka wata tsohuwar waƙa, ka ɗora ta a memori, ka soka a rediyon mota ko 'yar sifikar nan ta ɗaki, sai ka ji shiru kamar an shuka dusa. Alhali kuwa a wayar abokin naka ras take tashi. To, waƙar dai lafiyarta ƙalau. Irin fayil ɗin ne na'urarka ba ta gane ba.

Dalili kuwa shi ne, kowane kamfani da irin mazubin da yake zuba sauti a ciki. Tsofaffin wayoyin Nokia suna ɗaukar murya ne a tsarin AMR. Kamfanin Microsoft ya fito da WMA a 1999. Wayar iPhone tana ajiye murya a M4A, shi kuma saƙon murya na WhatsApp a tsarin Opus yake zuwa. A sitidiyo, inda ake buga waƙar tun farko, WAV ake amfani da shi. A cikin su duka, wanda kusan kowace na'ura take karɓa babu gardama shi ne MP3.

Daga ina MP3 ya fito?

A Jamus aka yi mafi yawan aikin, a cibiyar bincike ta Fraunhofer da ke garin Erlangen, kuma injiniyan da aka fi ambata a kai shi ne Karlheinz Brandenburg. An fitar da tsarin a hukumance a 1993, sannan a 1995 aka raɗa wa fayil ɗin sunan da muka sani yanzu. A 2017 wa'adin haƙƙin ƙirƙirarsa ya ƙare, saboda haka yau kowa na iya sa shi a manhajarsa ko na'urarsa ba tare da biyan ko kwabo ba.

Abin da ya sa ya karɓu shi ne ƙanƙanta. Minti ɗaya na sautin faifan CD yana cin kusan megabait 10. Ke nan waƙa mai minti biyar ta tasar wa megabait 50. In aka juya ta zuwa MP3 mai lamba 128, sai ta dawo wajen megabait 5. Bayan shigowar wayar GSM Nijeriya a 2001, da kuma zuwan wayoyi masu memori da Bluetooth daga baya, wannan ƙanƙantar ce ta sa waƙar fim ta bar kaset ɗin Ƙofar Wambai ta koma aljihun kowa, har sana'ar tura waƙa a waya ta kafu.

Sai dai fa, mai karatu, ƙanƙantar ba kyauta ba ce. MP3 yana rage nauyi ne ta hanyar zubar da wani ɓangare na sautin. Idan ganga ta buga da ƙarfi, kunnen ɗan Adam ba ya jin ƙaramin sautin da ke kusa da ita a wannan lokacin, don haka sai a jefar da shi. A karo na farko da wuya ka lura. Amma abin da aka zubar ya tafi ke nan har abada, kuma duk sanda aka sake juya waƙar sai an ƙara zubar da wani. Kamar fotokwafi ne da ake yi daga fotokwafi: na farko tas, na biyar da ƙyar ake karanta shi.

Wannan shi ne abin da ya sami waƙoƙin zamanin su Sangaya da Wasila, lokacin da fiyanon Yamaha ke tashe a sitidiyoyin Kano. Da yawa daga kwafin da ke yawo a wayoyi yanzu daga kaset ko faifan bidiyo aka ɗauko su, wani ya matse, wani ya sake matsewa, wani ma kanga waya ya yi a bakin talabijin ya ɗauka. Shi ya sa za ka ji muryar zabiya tana rawa kamar daga cikin randa take fitowa, kiɗan ya cakuɗe. Yaron da bai riski zamanin ba sai ya zaci haka aka buga ta tun asali, har ya raina aikin na gaba da shi.

Yadda ya kamata a yi

Ƙa'ida ta farko: a nemi asali mafi kyau, a juya sau ɗaya tak. Manhajoji irin su Audacity da VLC kyauta ne, kuma sun isa aikin.

Idan kaset ne a hannunka, haɗa rikoda da kwamfuta da waya ta ramin iyafis ko na fitar da sauti, ka kunna kaset ɗin, Audacity ta riƙa naɗa. Ka sa ido kan ma'aunin ƙara, kada ya riƙa taɓa ja, domin sautin da ya fashe a nan ba shi da gyara. In ka gama, fara ajiye shi a WAV tukuna, sannan ka fitar da MP3 daga jikinsa.

Idan faifan VCD ne, buɗe shi a kwamfuta za ka ga wata jaka mai suna MPEGAV, a ciki akwai fayil mai ƙarewa da DAT. Fim ɗin ke nan. VLC na iya zare sautin daga ciki, kai kuma ka yanke wurin waƙar. Ka tuna sautin VCD dama a matse yake, don haka kada ka sake matse shi da ƙaramar lamba.

Idan kuma faifan CD ne na waƙa zalla, kada ka ruɗu da 'yan fayilolin nan masu ƙarewa da CDA. Alama ce kawai, babu waƙa a cikinsu, in ka kwafe su iska ka kwafa. Sai an sa manhaja irin Windows Media Player ta tatso waƙar daga faifan.

Sai batun lamba. Lambar nan da ake gani, 128 ko 192 ko 320, tana nufin yawan bayanin da ke tafiya a kowane sakan. Ga hira ko wa'azi, 64 zuwa 96 ya wadatar. Ga waƙa mai kiɗa, 192 ta fi dacewa, 320 kuwa ita ce ƙololuwa. Amma a kula: ɗaukar waƙa mai 64 a mayar da ita 320 ba ya ƙara mata daɗi ko kaɗan, wuri kawai za ta ci maka. Haka nan goge ƙarshen sunan fayil a rubuta MP3 ba juyawa ba ne. Sauya wa tuwo suna ne.

Kada a manta da mai waƙa

Akwai wani abu da masu tura waƙa ke wasa da shi. Fayil ɗin MP3 yana da gurbin rubuta sunan waƙa, da mawaƙi, da fim, da shekara. A fim ɗin Hausa, jarumi da jaruma mamin kawai suke yi, masu muryar suna can sitidiyo. Idan aka bar gurbin fanko, ko aka sa sunan ɗan wasa, nan da 'yan shekaru babu mai tuna wanda ya rera ko wanda ya kaɗa. Minti ɗaya ya isa ka cike shi. Sannan juya kaset ɗinka don ka saurara daban ne da kwafe sabuwar waƙar mutum kana sayarwa. Wannan na biyun cin gumin wani ne, kuma dokar haƙƙin mallaka ta hana.

Babban kira dai ga furodusoshi ne da masu sitidiyo. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da ƙura, faifai yana karcewa, kwamfuta tana mutuwa ba sallama. Duk mai masta a ajiye ya fito da ita tun tana tashi, a naɗe ta a WAV ko FLAC, wanda ke rage nauyi ba tare da zubar da komai ba, a ajiye a wuri biyu daban-daban. MP3 na rabawa jama'a ne, asali kuma na ajiya. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, to amma sai in an adana ta. Kai ma mai karatu, in akwai kwalin tsofaffin kaset a ƙarƙashin gadon Hajiya, kada ka bari a zubar.