Raga ko tamfol: wanne ya dace da rumfar motar kwana?

A Amurka da Turai, masu motar kwana, wato motar da aka yi wa gado da kicin a ciki, kan buɗe rumfar gefenta idan sun yada zango. Rumfar na tare rana daga sama kawai. Da la'asar hasken na shigowa ta gefe, shi ya sa ake rataya mata labule.

Labulen iri biyu ne. Na raga yana rage zafi, iska na ratsa shi, na ciki na ganin waje, na waje ba ya ganin ciki. Amma da rana ne kawai. Da dare ya yi aka kunna fitila, sai lamarin ya juye. Mai neman sirri na gaske sai tamfol, shi kuma yana kama iska kamar filafilan jirgin ruwa, har yakan lanƙwasa ƙarafan rumfar.

Abin da ya fi haɗari shi ne rumfa mai lantarki. Wasu na Dometic da Carefree suna da na'urar da ke naɗe su da kansu idan iska ta tsananta. In labulen na ɗaure da turaku a ƙasa, injin zai ja, wani abu ya yage. Gara mai zif a tsakiya, a zuge na ƙasan kafin a bar wurin.

Wajen awo, yadin rumfar ake aunawa. Mai ƙafa 16 yadinta bai kai haka ba.