Kafin Ki Dangwala Hannu A Takardar Likita

Idan an tura ki Kano daga Haɗeja ko Auyo saboda sankarar mama, wata rana likita yana iya tambayarki ko za ki shiga gwajin sabon magani. Kada ki firgita, kada kuma ki yi garaje.

Tsoronki yana da dalili. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya sa yara 200 cikin gwajin maganin Trovan a Kano. Goma sha ɗaya suka rasu, iyaye suka ce ba a yi masu bayani ba. Amma kuma ta hanyar gwaji ake samun magani. Herceptin, wanda aka amince da shi a Amurka a 1998 don wani nau'in sankarar mama, sai da waɗansu mata suka yarda aka gwada shi a kansu.

Tun 2007 Nijeriya ta fitar da ƙa'idojin bincike kan lafiya. Ba a sa ki sai da yardarki, kuma kina iya fita duk ranar da kika so, a ci gaba da duba ki.

To, ki ce a karanta maki takardar da Hausa. Ki tambaya: mene ne illarsa? Wa zai biya kuɗin mota da na awo? In na cutu, wa zai ɗauki nauyi? Ki shawarci maigida, 'yarki 'yar makaranta ta rubuta amsoshin. Matambayi ba ya ɓata.

Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.