Turanci da Awo: Abin da Tudun Wadar Zariya Ta Riga Ta Sani

Tsaya a ƙofar Kongo da la'asar, lokacin da ɗaliban shari'a na Jami'ar Ahmadu Bello ke fitowa neman abin hawa, ka kasa kunne. Wani ya buɗe baki sai dogon Turanci, kowace kalma sai an buɗe ƙamus, alhali da ɗan acaɓa yake ciniki. Wani ya tsarma Turanci cikin Hausa har ka rasa harshen da yake yi, wato Ingausa. Ga kuma mai ganin ko "mota" ka ce, ka ci amanar Hausa. Dukansu sun wuce gona da iri.

Kalmar da Turawa ke kiran tsaka-tsaki da ita daga Latin ta fito, kuma tushenta awo yake nufi. A maganarsu ta yau da kullum, da ita suke siffanta mai cin abinci gwargwado, da farashi mai sauƙi, da ɗan siyasa marar zafin kai. Ba ragwanci suke nufi ba, sanin iyaka ne. Mu ma mun ce daidai ruwa daidai tsaki.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, a garin nan aka nuna yadda ake yi. A Zariya jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa cikin Janairun 1939, Abubakar Imam yana edita tare da Rupert East, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Dubi sunan jaridar kansa: kwabo aro ne daga sunan tagulla a Turanci, kamar yadda aka aro sisi da sule da asibiti, aka tanƙwasa su har suka zama 'yan gida. Inda kuwa Hausa take da nata, ba a je bara ba, aka ce jirgin sama.

Imam ya yi Kwalejin Katsina, ya je Ingila a 1943. Turanci bai gagare shi ba. Amma in ya ɗauki alƙalami don Bahaushe, manomi a Giwa yana ganewa idan aka karanta masa.

Malamanmu na makarantun Tudun Wada da masu gabatar da shiri a rediyo, gare ku nake kira: ku koya wa yaran nan Turanci mai kyau da Hausa mai kyau, sa'annan ku koya musu duban wanda ke gabansu kafin su zaɓi wanda za su yi.